Sunan Garin Uwar Kakata

Jikata ce ta tayar mini da wannan zance ba tare da ta sani ba. Tana zaune bakin ƙofar ɗakina da rana tsaka, salula a hannu, tana shirin jarrabawar Ingilishi. Wata muryar mace daga cikin salular tana karanto mata jimla, ita kuma tana danna amsa. In ta dace abin ya yi ƙara irin ta ƙararrawar keke, in ta kuskure ya yi gunji. Da na kasa kunne sai na ji darasin nan ne na abin da ya riga ya faru kafin wani abu ya faru, wanda ake sa wa “had”. Wai kafin mu isa tasha jirgin ƙasa ya riga ya tashi. Jirgin ƙasa a Madawa, ga yarinyar da ko hanyarsa ba ta taɓa gani ba. Na ce ta ajiye abin nan ta gaya mini da bakinta, cikin Ingilishin da take koyo, abu ɗaya da ya faru a gidanmu kafin a haife ta. Ta dube ni da tausayi, irin kallon da ake yi wa tsohon da ya fara rikicewa, ta ce ai wannan ba ya cikin jarrabawa. Gaskiyarta, ba ya ciki. Na koma ɗaki raina a ɓace, kuma ba da ita nake fushi ba.

Mu ba haka muka koye shi ba. Ƙauyenmu yana cikin duwatsu tsakanin Garhanga da Tabotaki, inda kafin ka shuka gero sai ka tsince dutse ka tara shi gefen gona, baɗi kuma ka tarar ƙasa ta haifo wani. Da na ci jarrabawar shiga kwalej aka kai ni Madawa gidan wani mai sayar da fata, sanin babana, aka ce shi ne ubana a gari. A lokacin haka ake yi wa ɗan ƙauye: a ba ka kusurwar zaure da tabarma, kai kuma ka biya da jikinka. Kafin in tafi lakwal, wato makarantar boko, sai na cika randunan gidan daga rijiya, na share bakin ƙofa, na ba ragon maigida harawa. Har yau in na rufe ido ina jin ƙarar guga tana bugun bakin rijiya, da luguden mata gida-gida, da kukan jakunan masu itace suna shigowa gari, sai can nesa ƙarfen motar da aka rataya jikin itacen bedi ana buga mana shi alamar an shiga aji. In ka ji bugun nan kana bakin rijiya, to ka san dorina na jiranka. Yaran yanzu babur ke kai su, da kuɗin ƙosai a aljihu, su dawo su ce sun gaji.

Malaminmu na Ingilishi mutumin Gana ne, dogo, baƙi wuluk, kullum rigarsa jiƙe da gumi da farin alli. Yana jin Hausa irin ta zango, wadda in ya yi ta sai mu sunkuyar da kai muna danne dariya, don mace da namiji duk ɗaya ne a bakinsa. Ba shi da littafin da zai raba mana, don haka komai da baki ne. Ya faɗi jimla, ya buga tebur da sanda, aji duka ya ɗauka da murya ɗaya, har masu wucewa da jakuna su tsaya bakin taga suna kallo. Ranar da ya zo kan darasin nan ya shigo da duwatsu biyu a hannu. Ya ajiye ɗaya bisa tebur ya ce wannan jiya ne, ya ajiye ɗayan a bayansa ya ce wannan kuma abin da jiya ta tarar an riga an yi. Ya yi ta nanata “had, had” yana bugun dutsen baya, har muka laƙaba masa Mushe Had, don Mushe muke ce wa malamin lakwal, sunan kuwa ya bi shi har ya bar ƙasar. Da hutun bayan girbi ya zo sai ya ce ba ya son jimlar littafi. Kowa ya je gida ya tambayi tsoho mafi tsufa abin da ya riga ya faru kafin a haife shi, ya riƙo shi a ka, ya zo ya tsaya gaban aji ya faɗa.

Tsohuwar gidanmu kakata ce, uwar babana. Ta daina zuwa gona da daɗewa, aikinta kaɗi. Tana zama gindin rumbu da hantsi, auduga a hannun hagu, mazari yana juyawa cikin ɗan kasko, tana dangwala yatsa cikin farar ƙasa tana murzawa. Yanzu ka zagaye ƙasarmu ta Adar duka da wuya ka ji wannan ɗan sautin na mazari, kuma tare da shi aka rasa wurin zaman da yaro zai raɓa kusa da tsohuwa ba don an aike shi ba. Wasa muke yi da ita irin na kaka da jika. Tana ce mini maigidanta, tana ƙorafin na tafi birni na bar ta ba ko goro. Da na gaya mata abin da Mushe yake so ta yi dariya ta ce wane irin malami ne wannan da zai aiko yara su kwashe wa tsofaffi zance. Ta fara da abin da kowa ya sani: shekarar fara, shekarar da rijiyar gari ta rufta, kurmin da ke cikin kwari kafin a sare shi. Na ce duk wannan yaran ajinmu za su kawo irinsa, ni ina son wanda ba kowa ke da shi ba. Ta tsayar da mazari ta dube ni da kyau.

Ba rana ɗaya ta ba ni labarin ba. Kaɗan-kaɗan ta riƙa sakinsa, in tsakar gida ta yi shiru, mata sun tafi sussuka. Ta ce uwarta ba a nan aka haife ta ba. Can kudu ne, garin da ke bakin wani babban ruwa da ba ya ƙafewa, inda ake tuƙa jirage ana cin doya. Tana yarinya, ko zane ba ta fara ɗaurawa da kyau ba, ta je wankin ƙorai bakin ruwa da yayarta, mahaya suka fito daga cikin ciyawa. Yayar ta faɗa ruwa, ita aka ɗauke ta. Aka sayar, aka sake sayarwa, har ta faɗo hannun masu raƙuma na arewa, ta girma tana daka da ɗiban ruwa a bakin tantunansu. Daga baya aka zaunar da ita da sauran bayi nan cikin duwatsu su yi noma, in an yi girbi a zo a ɗauki rabo. Kakata ta ce uwarta tana da zane a fuska wanda ba na kowa ba ne a Adar, kuma in tana lallashin yaro tana yin wata waƙa da harshen da ba wanda ke ji. Ni dai ina zaune bakina a buɗe, don duk tsawon rayuwata abin da na sani shi ne mu manoma ne, Musulmi, mutanen nan.

Na tambaye ta sunan garin. Ta ce yana nan, uwarta ta sa ta maimaita shi tun tana ƙarama har ya zauna mata, kuma ba ta taɓa faɗa wa kowa ba. Na ce to ta faɗa mini.

Ta ce, “A'a, maigidana. Ubanka na gaba gare ka. Sai shi ya karɓa, shi ba ka da bakinai. Na daɗe ina son ba shi, in na ɗauko zancen sai shi tashi shi ce ana kiran salla. Amma ka bari, in ka komo hutu na san yadda za ni yi da shi.”

Na koma Madawa da labarina a ka, ina juya shi zuwa Ingilishi a bakin rijiya, ina gyara shi a hanyar lakwal. Ko kaɗan ban ji tsoro ba. A ganina Ingilishi ɗaki ne mai ƙofa a rufe, ba wanda ke jin sa a ƙauyenmu, abin da aka faɗa cikinsa ya tsaya cikin aji. Yara suka riƙa tashi ɗaya bayan ɗaya. Wannan ya ce kafin a haife shi babansa ya riga ya sayi jaki, wancan ya ce an riga an gina masallaci. Da aka zo kaina na miƙe na ce kafin a haifi kakata an riga an kama uwarta a bakin ruwa, an riga an sayar da ita, an riga an kawo ta arewa bisa raƙumi. Ban yi kuskure ko ɗaya ba. Mushe Had ya tsaya da sanda a hannu yana kallona, har na ɗauka na ɓata. Sai na ga idonsa ya kawo ruwa. Ya ce a ƙasarsu ma akwai manyan gidajen dutse a bakin teku inda aka tara mutane irin haka, ya ce tun da ya fara koyarwa ba a taɓa kawo masa jimla mai nauyin wannan ba. Don ya girmama ni, sai ya yi abin da ya saba yi da kowace jimla mai kyau. Ya rubuta ta a allo, ya buga tebur, aji duka ya ɗauka da murya ɗaya, ya sake bugawa suka sake ɗauka, tagogi a buɗe.

Mutumin kirki ne, Allah ya sani, amma baƙo ne, bai san inda ya taka ba. A ajin akwai wani yaro daga ƙauyen da ke maƙwabtaka da namu, ɗan gidan masu ji da asali, kasuwarmu ɗaya da su a Tabotaki. Da aka fita shan iska ya kira ni da sunan da ba zan maimaita ba, muka yi dambe, aka raba mu, na ɗauka ya wuce. Ashe ya mayar da jimlar Hausa ya ba yayansa da ke zuwa kasuwa, yayan ya ba masu shayi, kafin mako ya zagayo ta isa ƙauyenmu. Abin da ke ƙona mini rai har yau shi ne ba wanda ya ji sabon abu. Kowane tsoho a garin ya san daga inda kowane gida ya fito, rabin garin ma tushensu ɗaya da namu. An dai yi yarjejeniya ce ba da baki ba, cewa muddin ba a faɗa ba to babu shi.

Babana ya yi karatun allo mai zurfi, ya yi shekaru a gabas wajen malamai. A lokacin limamin garinmu ya tsufa, ƙafa ta hana shi fitowa, babana ne ke shiga gaba yana jan salla, kowa kuma ya ɗauka shi zai gada. Uwata ce ta ba ni labarin abin da ya faru. Wata la'asar an ta da iƙama, babana ya taka zai shiga gaba, sai wani dattijo ya yi gyaran murya ya ce a hankali, Malam ya huta yau, wane ya ja. Ba wanda ya ce don me. Ba wanda ya ɗaga kai. Babana ya ja da baya ya shiga sahu, ya yi sallarsa, daga ranar kuma sahun ƙarshe ya koma, kusa da takalma, har ƙarfinsa ya ƙare. Mutanen da ya koya wa ƴaƴansu Fatiha ne suka yi masa haka, a ɗakin da ake cewa kowa ɗaya ne.

Da na zo hutun bazara bai buge ni ba, bai ko ɗaga murya ba. Ni ne ɗan fari, don haka dama ba ya kiran sunana, sai dai ya ce “kai”. Ya amsa gaisuwata ya ce an gode da karatun da na yo. Na iske kakata gindin rumbu, ta rame, mazarin ma ba ya juyawa da ƙarfi kamar da. Na zauna na raɓe ta na ce ina alkawarinmu. Ta dubi ƙofar ɗakin babana, ta dube ni, ta ce in yi haƙuri, ta sa an ɗauke wa ɗanta abin da ya fi so a duniya, ba za ta ƙara masa ba. Ranar ba ta ce mini maigidanta ba. Na yi ta zarya har hutu ya ƙare, in na zauna kusa da ita sai a aike ni ba jaki ruwa ko gyaran darni. Ta rasu da farkon damina ina Madawa. Uwata ta gaya mini cewa ranar da abin ya tsananta ta sa kowa ya fita, ta ce a kira mata ɗanta shi kaɗai. Uwata tana bakin ƙofa ta ga ta jawo kansa ta sa baki a kunnensa, tana faɗin wani abu tana maimaitawa, shi kuma yana durƙushe bai motsa ba.

To daga nan na san inda sunan yake, na kuma shiga nemansa. Na tambayi babana bayan sadakar arba'in, ya ce in ji tsoron Allah, ƙasar kabari ba ta bushe ba. Na tambaye shi da na zama malamin lakwal, ni ma ina koyar da Ingilishin, ya ce mu mutanen nan ne, nan aka binne cibiyarsa, nan aka binne tawa. Na tambaye shi ranar sunan ɗana na fari, ya tashi ya bar mini taron. Na aika masa aminansa, na bi ta wajen uwata, na yi fushi na daina zuwa gida wata da watanni, na dawo na ba da haƙuri, duk a banza. Ba gado nake nema ba, ba kuma zan je in ce a ba ni gona a can ba. So nake in tsaya bakin ruwan nan in san cewa yarinyar da ta je wankin ƙorai tana da gari, tana da dangi, wataƙila yayarta ta fita da rai ta bar jikoki. Duk hutun da na samu dama na bi motocin albasa zuwa kudu, ina duban fuskokin tsofaffi a tasha ko zan ga zanen da aka kwatanta mini, ina tambayar garin bakin ruwa inda ake cin doya. Aka yi ta yi mini dariya, don irin wannan gari ba ya ƙirguwa. A aji kuwa, shekara da shekaru, in na zo kan darasin nan sai in ba yara jirgin ƙasan da ya riga ya tashi, don na ga abin da jimla mai gaskiya take jawowa a ƙasar nan.

Babana ya yi tsawon rai. Ya tsufa har ido ya tafi, na ɗauko shi na kawo shi gidana a Madawa, ni kaina furfura ta cika mini kai. Na daina tambayarsa, ba don na haƙura ba, sai don na gaji. A tsufansa ya sake, ya fara yi mini wasa, yana kira na Mushe. Wata rana bayan azahar muna zaune ƙarƙashin rumfa, na kawo masa hura ya sha kaɗan ya ture ƙwaryar. Yana cikin jan tasbaha, sai ya juyo da fuskarsa wajen da yake jin numfashina.

Ya ce, “Mushe, har yanzu kana bukatar sunan ga?”

Na ce, “Ina so, Baba.”

Ya ce, “Kakarka ta hwaɗa mini. Ta yi ta hwaɗi har sai da nim maimaita mata. Da nit tashi daga wurin nan, alwalla niy yi, na roƙi Allah shi ɗauke mini shi daga zuciya. Kowace salla sai na roƙa, shekara da shekaru, ina bayan sahu ina roƙo.”

Na ce to yanzu fa.

Ya ce, “Ya amsa.”

Ban gane ba da farko, ko kuma ban so in gane ba. Na matsa kusa na riƙe gwiwarsa na ce ya yi a hankali, ba sauri, ya tuna ko farkonsa ne. Leɓɓansa suka riƙa motsi. Ya ce kamar da “ba” ya fara, ya ce a'a, ko da “ga”, ya ce akwai ruwa cikin sunan, ko kuwa ruwan a labarin yake. Ya ce tun da ido ya tafi ba abin da yake yi sai nemansa, yana jin muryarta sarai, yana jin ɗumin bakinta a kunnensa, amma kalmar babu. Wani irin fushi ya taso mini wanda ban taɓa jin irinsa ba, da shi, da dattijon da ya yi gyaran murya, da garinmu duka da shirunsa. Yarinya ta riƙe kalma ɗaya bisa raƙumi da cikin bauta, ta ba ɗiyarta, ɗiyar ta riƙe har bakin kabari, kalmar ta zo ta mutu a hannun mai karatu. Na buɗe baki in faɗa masa haka, sai na ga hawaye na bin gemunsa, hannunsa yana lalube har ya kama nawa.

Ya ce, “Kai da kay yi boko, ka san takardun Nasara. Babu inda anka rubuta shi? Ka bincika mini, ina son in kai ma uwata shi lahira.”

Na ce, “Babu, Baba. Wurinka kaɗai yake.”

Ya saki hannuna. Muka zauna a nan har aka kira la'asar, na tashi na ɗauko buta na zuba masa ruwa ya yi alwalla.